Yadda Muka Koya wa Katako Ƙirga Maki

Da yawa daga cikinku kun san wasan finbol ko da ba ku san sunansa ba. Duk wanda ya taɓa zama gaban tsohuwar kwamfuta mai Windows XP, a ɗakin kwamfuta na makaranta ko a shagon buga takardu, da wuya bai ci karo da Space Cadet ba: wasan nan da ake harba ƙwallo sama, tana gangarowa ana dukanta da wasu 'yan sanduna biyu don kada ta faɗa rami. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, wancan na kwamfuta kwaikwayo ne. Na ainihin akwati ne mai ƙafa huɗu, an rufe samansa da gilashi, ƙwallonsa ta ƙarfe ce, kuma idan ta bugi abu har a tafin hannunka za ka ji.

Mu huɗu ne, duk 'yan aji biyu a jami'a, muka yi shawarar haɗa namu da hannu. Aikin katako bai ba mu tsoro ba, domin akwai kafinta a unguwa. Filin wasan falanki ne, shingayen ƙusoshi ne da aka zagaye da robar tayar keke, ƙwallon kuwa daga cikin tsohon boris muka ciro ta. Inda aikin yake shi ne manhaja, wato jerin umarnin da zai sa wannan katako ya san an buge shi, ya ƙirga maki, ya kunna fitila, ya kuma san lokacin da wasa ya ƙare. Ita muke so mu ba ku labarin yadda muka fara, domin duk matakin farko ɗan sakandare zai iya yinsa da biro da littafin rubutu.

Daga ina wasan ya fito?

Asalinsa wani wasan tebur ne na Faransa mai suna bagatelle, wanda ake yi tun ƙarni na 18. A Amurka ya zama sana'a, musamman a birnin Shikago, inda David Gottlieb ya fitar da Baffle Ball a 1931. A lokacin babu sandunan duka. Ka harba ƙwallo, ka zuba ido, inda ta faɗa nan rabonka yake. Wannan ya sa hukumomi suka ɗauke shi caca. A 1942 magajin garin Niyok, Fiorello La Guardia, ya haramta shi, 'yan sanda suka riƙa kwashe injinan ana farfasa su da guduma. Sandunan duka, waɗanda mu muke kira madoka, sun zo ne a 1947 a cikin wani inji mai suna Humpty Dumpty na kamfanin Gottlieb. Duk da haka haramcin bai tashi ba sai a 1976, bayan wani matashi mai suna Roger Sharpe ya buga wasan a gaban majalisar birnin, ya nuna musu cewa gwani yana iya aika ƙwallo inda ya nufa.

Wannan tarihin ya shafe mu kai tsaye. Tambayar farko da aka yi mana a gida ita ce: “Ba dai injin caca za ku haɗa ba?” Tambaya ce mai kyau, kuma amsarta a cikin manhaja take. Mun yanke hukunci tun ranar farko cewa injinmu ba shi da ramin jefa kuɗi, ba ya biyan kowa komai, kuma babu wani maki da zai zo wa ɗan wasa bisa ƙuri'a. Duk makin da ka samu, akwai abin da ka buga ka same shi. Wannan ita ce doka ta ɗaya da muka rubuta, tun ba mu sayi ko waya ɗaya ba.

Takarda kafin kwamfuta

Sati biyu muka yi ba mu taɓa kwamfuta ba. Abin da muka yi shi ne rubuta dokokin wasan da Hausa, jimla bayan jimla, kowace tana farawa da “idan”. Idan aka danna maɓallin farawa, maki ya koma sifili, a ba ɗan wasa ƙwallo uku. Idan ƙwallo ta bugi ɗaya daga cikin alluna huɗu da ke sama, a ƙara maki 100, a kunna fitilar wannan allon. Idan duka huɗun suka kama, a ƙara 1,000, a kashe su a sake daga farko. Idan ƙwallo ta faɗa rami, a rage ɗaya daga cikin ukun. Idan babu saura, wasa ya ƙare.

Da ka fara irin wannan rubutu za ka ga tambayoyi suna ɓullowa. Idan wani ya danna maɓallin farawa ana tsakiyar wasa fa? Idan babu wasan da ake yi, amma ƙaramin yaro ya sa yatsa ya taɓa allo, a ƙirga masa maki? Kwamfuta ba ta da hankalin cike gurbi. Abin da ba ka faɗa mata ba, ba za ta yi ba, abin da ka faɗa mata kuma za ta yi shi ko da bai dace da lokacin ba.

Maganin wannan shi ne raba rayuwar injin zuwa yanayi-yanayi. Namu guda biyar ne: jira, shirin harbi, wasa, hukunci, da ƙarshen wasa. A kan takarda muka zana da'ira biyar, muka ja kibiya daga wata zuwa wata, a kan kowace kibiya muka rubuta abin da ke jawo sauyin. A yanayin jira, maɓallin farawa kaɗai ake saurara. A yanayin wasa, shi kaɗai ne ba a saurara. Kamar makaranta ne: ƙararrawa ɗaya ce, amma ma'anarta da safe daban, ma'anarta da ƙarfe biyu daban. Masu rubuta manhaja suna amfani da wannan dabara a cikin fitilun kan titi, da na'urar cire kuɗi, da injin wanki.

Ƙirga wayoyi

Ƙwaƙwalwar injinmu wani ɗan allo ne mai suna Arduino Uno, wanda bai wuce tafin hannu ba. An fara aikin Arduino a garin Ivrea na Italiya a 2005, don ɗaliban da ba injiniyoyi ba su samu hanyar sarrafa lantarki cikin sauƙi. Uno yana da ƙafafu 20 da za a iya haɗa abubuwa da su, amma biyu daga ciki na magana da kwamfuta ne, saura 18.

Sai muka zauna lissafi. Makunnai, wato duk abin da ke gaya wa allo cewa an taɓa shi, guda 12 ne: maɓallan madoka biyu, na farawa ɗaya, na rami ɗaya, na hanyar harbi ɗaya, alluna huɗu, hanyoyin gefe biyu, da na girgiza ɗaya. Koyil uku: biyu na madoka, ɗaya na tura ƙwallo daga rami. Fitilu shida. Allon nuna maki yana cin ƙafa biyu, ɗan lasifika ɗaya. Jimla 24. Sun fi ƙarfin Uno da shida.

Hanya mai sauƙi ita ce sayen Arduino Mega, mai ƙafafu fiye da 50, amma kuɗinmu na karo-karo ne daga abin da ake ba mu na abinci. Don haka muka bi hanyar da manyan kamfanoni suka daɗe suna bi. A injinan kasuwa, ana jera makunnai 64 a layi takwas tsaye da takwas kwance, waya 16 kacal ta ishe su. Kamar yadda malami zai ce “layi na uku, kujera ta biyu” ne, kowa ya san wanda ake nufi ba sai an kira suna ba. Manhaja tana ba layi ɗaya wuta, ta duba kujerun da suka amsa, ta wuce layi na gaba, haka ba tsayawa. Kowane makunni ana sa masa dayod, wani ɗan abu da ke barin wuta ta bi hanya ɗaya tak, don kada makunnai uku da aka danna tare su sa a ga kamar an danna wani da ba a taɓa ba.

Mu muka bar maɓallan madoka biyu da wayarsu kai tsaye saboda suna bukatar sauri, sauran goman muka jera su uku sau huɗu, waya bakwai. Fitilun kuma muka sayi irin waɗanda ake jerawa a sarƙa, waya ɗaya ta sarrafa su duka. Sabon lissafi: tara na makunnai, uku na koyil, ɗaya na fitilu, biyu na allon maki, ɗaya na lasifika. Jimla 16, har da rarar biyu. Lissafin rabin awa ya hana mu kashe kuɗin da ba mu da shi.

Ƙwallo ba ta jiran kowa

Darasin farko da ake koya wa duk mai fara Arduino shi ne kunna fitila da kashe ta: kunna, jira sakan ɗaya, kashe, jira sakan ɗaya. Umarnin jiran sunansa delay, kuma yayin da yake aiki allon ba ya yin komai, ba ya ji ba ya gani. Ga fitila ɗaya babu laifi. Ga finbol kuwa ba zai yiwu ba, kuma lissafi ne ya nuna mana haka.

Ƙwallon injinan kasuwa faɗinta milimita 27 ne, nauyinta kusan giram 80, filin kuma tsawonsa ya ɗan wuce mita ɗaya, an karkata shi kamar digiri shida da rabi. A ce ƙwallo tana gudun mita biyu a sakan ɗaya. Ke nan a cikin milisakan ɗaya, wato kashi ɗaya cikin dubu na sakan, tana cin milimita biyu. Za ta wuce kan makunni gaba ɗayanta cikin milisakan 13 ko 14. Idan allon ya yi barcin sakan guda yana jiran fitila, ƙwallon ta isa ta ratsa filin daga sama har ƙasa kusan sau biyu ba wanda ya gan ta.

Don haka manhajar finbol ba ta jira, agogo take dubawa. Arduino yana da wani umarni mai suna millis da ke faɗa maka milisakan nawa suka wuce tun da aka kunna shi. Maimakon a ce “jira sakan ɗaya”, sai a rubuta lokacin da aka kunna fitilar, a ci gaba da sauran ayyuka, duk zagaye a duba ko sakan ɗayan ya cika. Haka mai tuyar ƙosai take yi: ba ta tsayawa ta zuba wa kasko ido, tana ba wannan canji, tana ƙulla wa wancan, tana waiwayar mai lokaci-lokaci. Manhajarmu zagaye ɗaya ce da ke maimaituwa ɗaruruwan lokuta a sakan: karanta makunnai, duba dokoki, sarrafa koyil da fitilu, koma farko.

Saurin nan kuma yana da tasa matsalar. Idan ƙarfe biyu suka haɗu a cikin makunni, ba sa mannewa nan take. Sukan yi ɗan tsalle-tsalle, su haɗu su rabu sau da yawa cikin 'yan milisakan kafin su natsu. Ido ba ya gani, amma allon yana gani, sai ya ƙirga bugu ɗaya a matsayin biyar, ɗan wasa ya tashi da maki 500 a maimakon 100. Dokar da muka sa ita ce: da zarar allo ya amsa, a ba da makin, sannan a toshe kunne daga wannan makunnin na tsawon milisakan 50.

Akwai wani tarko kuma a wajen ajiye makin kansa. A Uno, ma'ajiyar lamba ta yau da kullum, wadda ake kira int, ba ta ɗaukar abin da ya wuce 32,767. Gwanin da ya haura nan sai ya ga makinsa ya juye ya koma ƙasa da sifili. Akwai babbar ma'ajiya, unsigned long, da ke kaiwa 4,294,967,295, ita muka zaɓa. Makin zakara kuma muna ajiye shi a wani ɓangare na allon mai suna EEPROM, wanda ba ya mantuwa ko an ɗauke wuta. A garinmu wannan ba ado ba ne. Sai dai an ƙiyasta kowane gurbi nasa yana jure rubutu kusan sau 100,000 ne, don haka ba ma rubutawa sai an karya tarihin da ke ciki.

Inda manhaja ke iya ƙona abu

Nan ne wasa ya zama ba wasa ba. Koyil waya ce ta tagulla da aka naɗe ɗaruruwan zagaye. Idan wuta ta bi ta, sai ta zama maganaɗisu, ta fizgo wani ƙarfe da ƙarfi, shi kuma ya ɗaga madoki. An ƙera ta ne don ta yi aiki na ƙiftawar ido. Idan aka bar mata cikakkiyar wuta, za ta yi zafi, rufin wayar ya narke, ta ƙone, wani lokaci har da abin da ke kusa da ita. Injin kuma na katako ne. Kuskuren rubutu a manhajar lissafi yana ba ka amsa marar kyau ne kawai. A nan hayaƙi zai ba ka.

Ƙafar Arduino bolt biyar take bayarwa, da 'yar wutar da ba ta wuce ta kunna ƙaramar fitila ba. Koyil ɗin injinan kasuwa kuwa kusan bolt 50 suke sha. Namu, da yake ƙwallonmu ƙarama ce, bolt 24 ya ishe su. Ko a haka ba a haɗa koyil da allon kai tsaye. Ana sa taransisto a tsakani, irin wanda ake kira MOSFET, ya zama kamar mai gadin ƙofa: allon ya yi masa raɗa, shi ya buɗe wa babbar wuta. Ana kuma sa dayod a jikin koyil ɗin, domin duk lokacin da aka yanke mata wuta takan mayar da wani bugu mai ƙarfi baya, wanda zai iya kashe taransiston.

A ɓangaren manhaja, dokoki uku muka kafa. Ta farko, da an kunna injin, kafin komai, a tabbatar duk koyil a kashe suke. Ta biyu, koyil ɗin tura ƙwallo ba ta wuce milisakan 30 a kunne, ko me ya faru. Ta uku ta madoka ce, domin ɗan wasa yakan danne maɓalli ya riƙe don ya tare ƙwallo. A nan manhaja tana ba da cikakkiyar wuta na milisakan 40 don duka, sannan ta koma kunnawa da kashewa da sauri sosai, yadda kashi ɗaya cikin huɗu kawai na wutar ke shiga. Ya isa ya riƙe madokin a sama, bai isa ya dafa koyil ba. Bayan waɗannan mun kunna wani mai gadi da ke cikin allon: idan manhaja ta maƙale ba ta leƙo shi ba cikin ɗan lokaci, sai ya sake tayar da allon, doka ta farko ta kashe komai.

Kafin mu haɗa koyil ko ɗaya, sati uku muka yi da ƙananan fitilu a gurbinsu. Fitilar da ta kama ta ƙi mutuwa tana gaya maka koyil ɗin da za ta ƙone, ba tare da ka yi asarar komai ba. Ranar haɗa babbar wuta kuma wani mai gyaran rediyo da talabijin ne ya tsaya a kanmu, ya sa mana fis. Ku ma kada ku kusanci wannan matakin sai da babba wanda ya san aikin, kuma wutar soket ba abin gwaji ba ce ko kaɗan. Rigakafi ya fi magani.

Dokar da ta raba kanmu

Gardama mafi zafi da muka yi a kan adalci ce. Da muka kawo ƙannenmu su gwada, sai muka lura ƙananan cikinsu sukan rasa ƙwallo cikin sakan uku ko huɗu, tun ba su taɓa ta ba. Biyu daga cikinmu suka ce a bar shi haka, wasa ai sai da faɗuwa. Sauran biyun suka ce ƙwallon da ta wuce ba ka samu damar dukanta ba, wannan sa'a ce ta yanke hukunci, kuma mun yi alkawarin sa'a ba za ta yi mulki a injinmu ba. Wannan hujjar ce ta yi nasara. Yanzu idan ƙwallo ta faɗa cikin sakan 10 na farko, injin yana mayar da ita kyauta, sau ɗaya a kowace ƙwallo. Layi biyar ne a manhaja, amma kwana biyu muka yi muna jayayya a kansu.

Haka ma batun girgiza. Tun shekarun 1930 injinan finbol suke da wani ɗan ƙarfe mai lilo a cikin zobe. Idan aka jijjiga injin da yawa, sai ya taɓa zoben. Namu ƙusa ce da aka rataye da waya a tsakiyar wani zoben ƙarfe. Taɓawar farko da ta biyu gargaɗi ne, lasifika ya yi ƙara. Ta uku, injin ya shiga yanayin hukunci: madoka su mutu, maki ya tsaya, har ƙwallon ta faɗa. Ɗan turi kaɗan gwaninta ce, ɗaga injin kuma maguɗi ne, manhaja ce ke shata iyakar.

Ta ina za ku fara?

Ba sai kuna da Arduino ba. Akwai shafukan intanet irin su Wokwi da Tinkercad inda za ka haɗa allon, da maɓallai, da fitilu a kan fuskar kwamfuta, ka rubuta manhaja ka ga tana aiki, ba ka sayi komai ba. Wanda yake da waya ƙirar Android zai iya sauke Pydroid ya fara da Python: ya sa harafin A ya zama bugun allo, harafin R ya zama faɗawa rami, ya ga ko makin da ƙwallayen suna tafiya daidai. Idan kun yi nisa, akwai Mission Pinball Framework, manhaja ce kyauta da aka rubuta da Python, wadda masu haɗa manyan injina a gida suke amfani da ita. Mu mun ƙi farawa da ita da gangan, domin muna so mu fahimci abin da take yi wa mutum kafin mu bar mata aikin.

Wanda ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan, yana da littafi da biro. Ga aikin wannan makon: zana filin wasanka, ka lissafa makunnai nawa yake bukata, ka rubuta dokoki goma masu farawa da “idan”. Sannan ka ba abokinka takardar ya zama shi ne kwamfutar, kai kana kiran abin da ƙwallo ta buga, shi yana bin dokokin kamar yadda aka rubuta su, ba ƙari ba ragi. Duk inda ya tsaya ya ce “to yanzu me zan yi?”, ka gano dokar da ta ɓace, sai ka rubuta ta.

Mu a yanzu muna kan dokar 'yan wasa biyu, inda injin zai riƙa tuna makin kowa da fitilun da kowa ya kunna idan aka yi canji. Da'irorin da ke kan takardarmu sun tashi daga biyar sun koma bakwai, kuma har yanzu ba mu daidaita a kan wanda zai fara harbi ba idan aka yi kunnen doki aka sake karawa.